Baƙar Ƙanƙara da Tsuntsayen Ngurore

Bokitin ruwan wanki ne ya kawo ƙarshen zaman ƙungiyar makaɗa ta Baƙar Ƙanƙara a unguwar Dubeli. Matar mai gidan ce ta watso shi ta tagar gareji, rabi ya sauka a kan gangunan Kashim, rabi ya wanke wa Zadok fuska har cikin baki.

"Ku kwashe kayanku ku fita!" in ji ta. "Kajina sun daina ƙwai, jikana ya daina barcin rana, jiya mai ƙosai ta shigo tana tambaya wa aka yanka a gidan nan. Yau ɗin nan, ba gobe ba!"

Peculiar ta sauke makirfo daga bakinta a hankali ta ce, "Mama, ai ko amshi ba mu kai ba."

"Ki kai shi gidan ubanki."

Ba wannan ne karon farko ba. An kore su daga wani aji na makarantar da ke hutu, an kore su daga bayan shagon wani mai walda a Jambutu, inda mai waldan da kansa ya ce hayaniyar ta yi masa yawa.

Su uku ne. Zadok mai jita gwanjo yake sayarwa a kasuwar Jimeta. Wata rana ya kwance dila, sai ya tsinci faifan CD a aljihun wata jibgegiyar rigar sanyi. A bangon faifan wasu Turawa ne tsaye cikin daji, ƙanƙara har gwiwa, fuskokinsu fari fat, idanu zagaye da baƙi. Da ya sa faifan ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Jita tana ƙugi kamar injin niƙa, ganga tana zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano, wani yana ihu kamar an taka masa maƙogwaro. Ya sake sawa. Kafin magariba ya ji duk kiɗan da ya taɓa yi a coci ya zame masa kunu babu sukari. Ya je kafe na intanet ya bincika, ya gano sunan abin bilak metal, kiɗan samarin ƙasashen da rana ke rowar fitowa.

Kashim mai ganga ɗan wani Babarbare ne mai sayar da huluna a unguwar Adarawo. Sana'arsa tura waƙoƙi a wayoyin mutane, kuma tun yana buga gangar fareti a sakandare ake yi masa faɗa ya cika sauri. Peculiar kuwa tana zaman jiran shiga makarantar jinya, kuma ba a daɗe da mayar da ita layin baya a mawaƙan cocinsu ba, don in ta buɗe baki ba a jin kowa.

Zadok ne ya kafa dokoki, duk daga bangon faifan nan ya karanto su. Ba murmushi. Ba rawa. Fuska a shafe da farar ƙasa da gawayi. Waƙa kuma ba a yin ta sai a kan duhu da sanyi da ƙanƙara. Wannan fa a Yola, cikin watan Maris, lokacin da kwalta ke kama takalmi.

Suna cikin jibge kaya a bakin titi, ganguna na ɗigar ruwan omo, sai ga wata mata ta sauko daga acaɓa da malafa a kanta da taɓo a bakin zane. Mama Keturah ce, mahaifiyar Zadok. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu, ta ƙi zaman gida ta koma Ngurore tana noman rani.

Ta dubi lasifika, ta dubi ɗanta da kumfa a gira.

"An sake korarku?"

"Mutanen garin nan ba su san kiɗa ba, Mama."

"Sun sani mana. Naka ne ba su sani ba." Ta zauna a kan akwatin lasifikar ta cire malafa tana fifita. "Zadok, jan-baki sun sauka."

Zadok ya goge kumfar daga gira. Ya san abin da wannan ke nufi. Fadamar da take nomawa ba tata ba ce, wani dattijon Bafulatani mai suna Bappa Bobboyi ne ya ba ta aro. Bara shinkafarta ta yi kyau har makwabta na zuwa kallo, sai tsuntsayen jan-baki suka sauka suka bar mata kara. Bappa Bobboyi kuwa yana da ƙa'ida da kowa ya sani: ba ya barin fadamarsa a hannun wanda ya kasa fitar da amfani shekara biyu a jere, don akwai masu jira a layi. In bana ma tsuntsu ya ci, Mama Keturah za ta dawo Jimeta ta zauna a ɗaki tana kallon bango, abin da ta rantse ba za ta yi ba.

"Masu korar tsuntsu duk manyan gonaki sun kwashe su," in ji ta. "Ni kaɗai nake buga gwangwani tun asuba. Muryata ta tafi." Ta daki akwatin da take zaune a kai. "Ku kuna neman inda za ku yi ihu. Ni ina neman mai yi mini ihu."

"Mama!" Zadok ya dafe ƙirji. "Kiɗanmu ba korar tsuntsu ba ne. Wannan fasaha ce."

"Akwai makwabta a wurin?" Peculiar ta tambaya.

"Kwaɗi kawai."

"Akwai mai watso ruwa?" in ji Kashim.

"Ruwa sai wanda inji ya jawo."

Kashim ya fara ɗaure ganguna. "Shugaba, ka tsaya nan da fasaharka. Mu mun tafi."

Washegari da sassafe a-kori-kura ta sauke su a bakin fadama da janareta da lasifika da jarkar fetur. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa kamar madara, daidai yadda jan-baki ke so. Suka kafa rumfar zana a kan tudu a tsakiyar fangalan shinkafa. Zadok ya dage sai an shafa fuska, ko da kwaɗi ne 'yan kallo. Ya kwaɓa farar ƙasa da man kaɗanya, ya zagaye idon kowa da gawayi.

Suna gamawa Mama Keturah ta nuna gabas da sandarta.

Da farko kamar hayaƙin wata gobara mai nisa. Sai hayaƙin ya lanƙwasa, ya miƙe, ya nufo su da wani irin shuuu kamar iska a cikin rake. Sama ta yi duhu. Kashim ya ce, "La'ilaha illallahu," ya kusa sakin sanduna.

"Buga!" in ji Mama Keturah. "Me kuke jira, takardar gayyata?"

Zadok ya ja tsirkiyar jita ɗaya, lasifika ta yi gurnani. Kashim ya afka wa ganguna hannu da ƙafa. Peculiar ta ja numfashi tun daga tafin ƙafa ta saki ihun da aka hana ta a coci, a Jambutu, da Dubeli.

Gajimaren tsuntsayen ya dare gida biyu kamar an sa wuƙa. Rabi ya yi arewa, rabi ya yi sama, ya haɗe can nesa ya wuce hayin kogi. Ko ɗaya bai taɓa shinkafa ba.

Mama Keturah ta jefar da sanda ta yi guɗa. Zadok ya manta da dokarsa ya washe baki har kunne.

Hantsi bai gama ɗagawa ba fentin ya fara narkewa. Fari da baƙi suka haɗu suka gangaro ta haɓa, kowa ya koma kamar jakin da ya yi birgima a toka. A haka Bappa Bobboyi ya same su, ya zo da sandarsa a kafaɗa da 'yar butarsa. Ya tsaya ya ƙare musu kallo, sannan ya gaida Mama Keturah da Fillanci.

"Jam na, Malama? Waɗannan aljanun daga ina ka samo su?"

"Ɗana ne da abokansa, Bappa. Makaɗa ne."

"Makaɗa." Ya matso kusa da Kashim ya leƙa ƙarƙashin tokar. "Kai, wannan goshi na san shi. Babarbare ne! Shi ya sa. Bawana, ashe tsuntsu ma tsoron fuskarku yake ji?"

"Bappa, mun zo taimakon Fulani ne," in ji Kashim. "Mun ji an ce tsuntsu mai girman babban yatsa ya fi ƙarfinku."

Dattijon ya yi dariya har butar na zuba. Ya nuna Peculiar da baki. "Wannan yarinya kuma, muryan shi ya kai Numan. Shanuna sun tashi tsaye duka." Sannan ya juya ga Mama Keturah, dariyar ta ragu. "Malama, ina son ka a fadaman nan, ka sani. Amma magana yana nan yadda yake."

"Na sani, Bappa."

Haka Baƙar Ƙanƙara ta sami gida. Jan-baki da safe suke zuwa, su koma inuwa in rana ta take, su dawo da la'asar da yunwa sabuwa. Ƙungiyar ta bi tsarinsu. Da tsakar rana su kwanta a ƙarƙashin rumfa, Mama Keturah ta kawo musu tuwon dawa da miyar kuka da busasshen kifi, Zadok yana rubuta waƙa a kan dusar ƙanƙara gumi na ɗiga a kan jita. In Kashim ya sauka yin sallar la'asar, Peculiar ta riƙe fili ita kaɗai, tana rera sunayen duk waɗanda suka mayar da ita layin baya cikin muryar da ba mai gane kalma ɗaya. Peculiar da Mama Keturah suna kwana a ɗakin da Mama ke haya a cikin gari, mazan kuma a zauren Bappa Bobboyi, inda kullum sai an yi musu da Kashim a kan waye bawan wani.

Kuma abin mamaki, sai suka fara iyawa. Babu mai katse su a tsakiyar waƙa, babu bokiti. Hannun Kashim da na Zadok suka fara sauka tare. Suka haɗa waƙa guda mai tsawo suka sa mata suna "Daren da Binuwai Ta Daskare", wadda ko Mama Keturah ta ce tana da wani wuri a tsakiya da ba ya sa ta ciwon kai. Manoman makwabta suka riƙa zuwa roƙo a ɗan juya lasifika ta fuskanci nasu fangalan. Wani ya kawo kankana, wani ya kawo zabuwa.

Labari ba ya zama a Ngurore. Direbobin hanyar Numan suka kai shi Jimeta, cewa akwai wasu fararen aljanu da ke kiɗa a fadama. Ranar nan sai ga wani mai suna Albert a kan babur, mai wani lambun shan farfesun kifi a bakin kogi a Jimeta, mutumin da ba ya jin ƙamshin taro ya wuce.

Ya saurari rabin waƙa da yatsa a kunne ɗaya, ya ce, "Ban gane komai ba, amma mutane za su zo kallo. Asabar da yamma, lambuna. Akwai dandamali, akwai fitilu, akwai manyan lasifiku. Abeg, ku zo da wannan fenti."

Zadok ya rungume jitarsa. Dandamali. Mutane masu kunne, ba masu fiffike ba.

"Shinkafa fa?" in ji Peculiar bayan Albert ya tafi. "Ƙwaya ta fara tauri. Yanzu ne ma suka fi haukacewa."

Kashim ne ya kawo dabarar, kuma kowa ya ce ta yi, har Mama Keturah. Ya ɗauki waƙar tasu da kwamfutarsa, ya ƙona ta a faifai, ya haɗa na'urar DVD da lasifika, ya danna maɓallin maimaitawa. Sai da suka yi ta ɗauka suna sharewa, don Zadok ya ce ba za a bar wa duniya aikin da ke da tuntuɓe ba, ko da duniyar tsuntsaye ce. Suka zaɓi wadda ta fi kowace tsabta, ko'ina daidai, babu kuskure ko na numfashi.

Suka gwada da safe suna zaune suna shan kunu. Jan-baki suka taso, faifai ya yi ihu, suka dare suka wuce.

"Shi ke nan," in ji Mama Keturah. "Fetur kawai zan riƙa zubawa. Ku je ku shirya da kyau, kada ku ba ni kunya a gaban mutane."

Suka koma Jimeta tun farkon mako. Albert ya ba su ɗakin ajiyar lemo suna atisaye. Peculiar ta ɗinka baƙar doguwar riga, Zadok ya zaƙulo baƙaƙen rigunan fata daga dila, Kashim ya gaya wa mahaifinsa cewa aikin gona ne har yanzu, wani reshe na birni. Duk lokacin da Zadok ya kira, Mama ta ce lafiya lau, sai dai jiya tsuntsayen sun ɗan matso, yau sun ɗan ƙara matsowa, amma kada ya damu.

Asabar da yamma lambun Albert ya cika. Ɗalibai, 'yan acaɓa, ma'aikata da suka zo cin kifi suka tarar da abin kallo, har da matar mai garejin Dubeli a kujerar gaba, ta ce ta zo ta ga ƙarshen abin. A bayan dandamali su ukun sun sha fenti, wannan karon da hodar da Peculiar ta ce ba ta narkewa. Mai gabatarwa ya riga ya ɗauki makirfo.

Wayar Zadok ta yi ƙara.

"Mama, yanzu za mu hau."

Bayan muryarta yana jin waƙarsu tana tashi, tsaf, babu kuskure. Yana kuma jin wani abu a kanta, shuuu.

"Zadok." Muryar ta dushe, da kyar take fita. "Sun haddace ta."

"Sun me?"

"Waƙar. Sun san inda ganga ke shiga, sun san inda Peculiar ke ihu. In wurin ya zo su ɗan ɗaga, in ya wuce su sauka. Yanzu ma ɗagawar sun daina. Akwai wasu zaune a kan lasifika, ina kallonsu." Ta yi tari. "Sun gama da fangalan bakin kogi. Ban so kiranka ba. Ka yi wasanka, kawai na ce ka sani."

Ta kashe.

Zadok ya tsaya da waya a hannu. Daga waje mai gabatarwa yana cewa, "Jama'a, ku riƙe kujerunku!" Kashim da Peculiar sun ji komai, don wayar irin mai ƙarar nan ce.

"In muka yi waƙa ɗaya tak..." Zadok ya fara.

"Waƙarmu ɗaya ta fi huɗubar Juma'a tsawo," in ji Kashim.

Peculiar ta riga ta naɗe wayar makirfo a hannu. "Shugaba, ɗauki jitarka."

Albert ya tare su a ƙofar baya, idanu waje. "Ina za ku? Una dey craze? Mutane sun cika mini wuri!"

"Oga Albert, tsuntsu na cin shinkafar uwata."

"Tsuntsu! In kuka fita ƙofar nan, kada in sake ganin ƙafarku a lambuna."

"To, mun gode da lemo," in ji Kashim, ya wuce da babbar ganga a ka.

Suka tare wata a-kori-kura da ta sauke kifi. Direban ya ga fuskoki uku farare da baƙaƙen idanu ya nemi tayar da mota ya gudu, sai da Kashim ya yi masa sallama cikakkiya ya ambaci sunan mahaifinsa da layin shagonsu. Suka haye baya. Wasu 'yan acaɓa da ɗalibai da suka ga aljanu sun fita ta baya suka ce ai wasan can ya koma, suka bi su a guje suna hon.

A shingen hanyar Numan wani ɗan sanda ya ɗaga hannu, ya leƙa bayan mota, ya ja da baya taku biyu.

"Ku su wane ne? Daga ina, zuwa ina?"

"Makaɗa ne, ofisa. Za mu korar tsuntsu."

"Da wannan fuskar? Ku sauko ku yi bayani."

Peculiar ta ce, "Yallaɓai, bari in nuna maka, ya fi sauri." Ta buɗe baki. Awakin da ke kiwo a gefen titi suka watse, ɗan sandan ya dafe hularsa.

"Wuce! Wuce, don Allah!"

Rana ta yi ja lokacin da suka iso. Fadamar ba a ganin korenta, ta koma ruwan ƙasa tana motsi kamar tafasasshen wake. Mama Keturah tana tsakiya da gwangwani a hannu tana bugawa, Bappa Bobboyi yana can gefe yana kaɗa babbar rigarsa, dukansu biyu kamar masu kwashe kogi da ludayi. Lasifika tana ta rera "Daren da Binuwai Ta Daskare" da tsuntsaye jere a kanta.

Zadok ya fizge wayar DVD. Shiru ya sauka, sai ƙarar baki dubu-dubu suna ɓare shinkafa.

"Wace za mu yi?" in ji Kashim yana kafa ganguna a karkace.

"Ba waƙa," in ji Zadok. Ya cusa wayar jita. "Kowa ya yi abin da ya ga dama. In ka ji mun fara daidaita, ka ɓata."

Abin da ya fito daga rumfar nan ba shi da suna. Kashim ya buga fareti, ya yanke, ya buga gangar biki irin ta Barno, ya yanke, ya jefa farantin ganga a kan dutse. Zadok ya goga jita a jikin lasifika ta yi kuka kamar ƙofar ƙarfe. Peculiar ta yi ihu, ta yi haushi, ta yi shiru har tsuntsaye suka fara sauka, sannan ta fasa wata ƙara da ta sa direban a-kori-kura ya shige ƙarƙashin motarsa. 'Yan acaɓa suka bazu a kan gaɓar fangalai suna hon suna murza mai, ɗalibai suka cire riguna suna kaɗawa suna tsalle a taɓo.

Fadamar ta tashi sama gaba ɗaya. Garken ya yi gabas, ya juyo, ya tarar da sabon tashin hankali, ya sake juyawa. Ya gwada ta kudu, Peculiar ta tare shi. Ya yi ta kewaye har rana ta taɓa ruwa, sannan ya miƙe dogon layi ya haye kogi zuwa makwancinsa.

Ɗalibai suka yi ta tafi suna cewa a sake. Wani ɗan acaɓa ya ce bai taɓa zuwa wasan da ya kai wannan daɗi ba. Mama Keturah ta zauna a kan gaɓa, ta kamo kan ɗanta ta goge masa fenti da bakin zanenta.

Daga ranar ba su sake barin rumfar ba sai da lauje ya shiga gona. Ba su kuma sake buga abu ɗaya sau biyu ba. Fangalan bakin kogi sun tafi, ba abin da aka tsinta a ciki sai ƙaiƙayi. Sauran kuwa suka nuna jawur, kawunansu a sunkuye don nauyi.

Ranar da aka gama bugu, Bappa Bobboyi ya zo ya zagaye tarin shinkafar a hankali da hannu a baya. Ya je ya tsaya a fangalan da aka cinye, ya daɗe. Ya dawo ya cusa hannu cikin tarin har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya ɓare ƙwaya da haƙori. Mama Keturah tana tsaye tana murza bakin malafa.

"Malama."

"Na'am, Bappa."

"Baɗi ka shuka da wuri. Kuma wancan gefen na kogi, ka sa masara, tsuntsu ba ya damun shi sosai."

Mama Keturah ta durƙusa. "Useko, Bappa. Na gode."

"Tashi, tashi. Ni yunwa nake ji. An ce akwai sabon shinkafa, ko Babarbare ya cinye?"

A ƙarƙashin rumfar aka ci, dafa-duka da kifin Binuwai da manja, kowa da hannunsa a babban tire. A nan Peculiar ta faɗa musu, cikin raɗa don muryarta ta ƙi dawowa tun ranar Asabar ɗin nan, cewa sunanta ya fito a makarantar jinya a Gombe, kuma likita ya ce in ta sake irin wannan ihun sai dai ta riƙa yi wa marasa lafiya magana da hannu. Kashim ya ce shi ma Baba ya buɗe shago a Mubi, ya ce ya je ya riƙe, an gaji da reshen gona na birni.

Suka dubi Zadok, suna jiran ya yi jawabi.

Zadok ya cire ƙaya daga kifi. "Ni ba zan nemi wasu ba," ya ce. "Wa zai iya da ni?"

"Babu," in ji su biyun a tare.

Baƙar Ƙanƙara ba ta kai damina ba. Ba ta taɓa hawa dandamali ba, kuma waɗanda suka ga wasanta guda ɗaya har yau ba su yarda da juna a kan abin da suka ji ba.

Mama Keturah ta ƙaro shinkafa a tire, ta tura ɓangaren da ya fi kifi gaban Peculiar. Sannan ta miƙe ta kakkaɓe zane, ta ɗauki sandarta.

"In kun gama ku ɗaure buhunan," ta ce. "Ni bari in je in duba inda masarar nan za ta zauna."